Masu jinya a gida: wace manhaja ce ke rage nauyi, wace ce ke ƙara shi?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da ta fi yawa a makon nan ta masu jinya a gida ce: waɗanda aka sallamo musu mahaifi daga asibitin Barau Dikko ko na 44 ko na Shika a jihar Kaduna da shanyewar ɓarin jiki, da masu riƙe da tsohuwa mai suga da hawan jini, da iyayen yara masu sikila. Suna son sanin wace manhaja za su saka a waya don kada lokacin magani ya wuce, kuma don su ma su samu sararawa. Muna da nas da likita da mai kemis da masu gyaran waya a nan. Don Allah a yi bayani dalla-dalla, yadda mutum zai bi ya yi da kansa.

Sista (nas, Barnawa):
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa waya a fara da takarda da biro. A zazzage duk magungunan da ke gidan a kan tabarma, har da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta kawo. Kowane ɗaya a rubuta sunansa kamar yadda yake a jikin kwali, da ƙarfinsa (5mg ne ko 10mg), ƙwaya nawa ake sha, ƙarfe nawa, kafin abinci ko bayansa, da ranar da zai ƙare. Wannan takardar a kai ta asibiti ko wurin mai ilimin magani ya duba, sannan a kwafe ta cikin manhaja.

Dalili shi ne manhaja ba ta san kuskure ba, abin da aka zuba mata shi za ta riƙa tunatarwa. Abin da ya fi faruwa shi ne magani ɗaya ya shigo gida da suna biyu. Asibiti ta ba da maganin suga metformin, ɗa ya sayo Glucophage a kemis, a shigar da su a matsayin magani biyu alhali abu ɗaya ne. Haka paracetamol: yana cikin Panadol, yana cikin magungunan mura da yawa. Babba ba ya wuce giram 4 a yini, tsoho mai rauni ma ƙasa da haka ake ba shi.

Manhajoji biyu da aka fi sani wajen tunatar da magani su ne MyTherapy da Medisafe. Duka suna buga ƙararrawa, kina danna cewa an sha, suna ajiye tarihin. MyTherapy tana karɓar awon jini da na suga, tana fitar da rahoton da za a nuna wa likita. Medisafe kuma tana da wurin saka wani ɗan uwa, idan lokaci ya wuce ba a danna ba sai ta sanar da shi a tasa wayar, amma wannan sai da data a wayoyin biyu.

Malamin kemis (Tudun Wada):
Sista kin gama magana a kan suna biyu. Ni lokaci zan ƙara. Mutanenmu suna ɗaura magani a kan salla, kuma dabara ce mai kyau domin ba a manta salla. Ga maganin sau ɗaya a yini, irin amlodipine na hawan jini, bayan Asuba ya yi daidai. Ga na sau biyu, Asuba da Magariba sun kusa raba yini biyu a nan Kaduna. Matsalar tana wurin na sau uku. In aka ce Asuba, La'asar, Isha, tazarar farko ta kai awa 10, ta biyu ba ta wuce awa 4 ko 5 ba. Maganin da aka rubuta kowane awa 8, musamman na kashe ƙwayoyin cuta, a saita shi 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Na farfaɗiya da na ciwon makyarkyata, wato Parkinson, su ma ba sa son a yi wasa da agogonsu.

Maganin sa fitsari irin furosemide da safe ake bayarwa. In aka bayar da dare, majinyaci zai kwana tashi, mai jinya ma ta kwana tashi, kuma a wannan tashin ne tsofaffi ke faɗuwa.

In an manta, kada a haɗa biyu a lokaci ɗaya don a rama. A kuma kunna wurin ƙidayar ƙwayoyi: ka shigar cewa ka sayo 30, ka ce ta sanar da kai in saura 7. Mako guda ya isa a tara kuɗi a nemo, maimakon a farga ranar Asabar da dare kwali ya ƙare.

Mai gyaran waya (Kasuwar Sheikh Gumi):
Ranku ya daɗe, akwai abin da ke kashe wannan shirin gaba ɗaya kuma ba laifin manhajar ba ne. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a nan Tecno ne da Infinix da itel. An ƙera su su tsimi batir, don haka suna rufe duk manhajar da ke aiki a ɓoye. Ranar farko ƙararrawa ta buga, ta biyu ta buga, ta uku shiru.

Gyaran kenan. A shiga saitin waya, a nemo manhajar a jerin manhajoji, a shiga ɓangaren batir a cire mata takunkumi. A buɗe Phone Master, manhajar kula da waya da ke zuwa cikin waɗannan wayoyin, a ba manhajar maganin izinin tashi da kanta. In wayar Android 13 ce ko sama, a tabbatar an ba ta izinin aiko sanarwa, domin wayar ba ta bayarwa sai an amince. Daga Android 12 kuma akwai wani izini na daban na ƙararrawa da tunatarwa, shi ma a kunna. Sannan a buɗe jerin manhajojin da ke buɗe a sa mata kwaɗo, don kada yaro ya share ta in ya danna gogewa.

Bayan haka a gwada. A saita tunatarwa ta minti 20, a kulle waya a ajiye ta, kada a taɓa. In ta buga, a sake gwadawa ta kwana. Maganin da ba ya jure jinkiri, irin insulin, a ƙara masa ƙararrawar agogon wayar kanta, ita ba kasafai wayar ke rufe ta ba. Kuma yanayin tsimin batir na ƙarshe, wanda ake kunnawa in an ɗauke wuta caji ya yi ƙasa, yana kashe kusan komai. Gidan da ake jinya ya kamata a ce akwai fawa bank ɗaya da ba a ba kowa aro.

Hajiya (ma'aikaciyar walwalar jama'a, Kawo):
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ban yarda cewa a nan matsalar take ba. Ku duba wa ƙararrawar ke tasa. Mace ɗaya ce, ko 'ya ko suruka ko uwargida, ita ke wanka, ita ke canza famfas, ita ke dama kunu, ita ke bin layin asibiti. Yanzu an ƙara mata waya mai kuka sau 8 a yini da rahoton da za ta cike. 'Yan uwa na Abuja da Kano suna ganin sanarwa cewa an makara da minti 30 sai su kira su yi faɗa. Wannan ai sa ido aka ƙara mata, ba taimako ba.

Manhajar da ta amfani mai jinya ita ce wadda ta cire wani aiki daga wuyanta ta ɗora a wuyan wani. In ba ta yi haka ba, majinyaci kaɗai ta taimaka.

Malam (malamin kwamfuta, Unguwar Dosa):
Hajiya, to ai akwai kayan yin hakan. Google Calendar ana buɗe kalanda ɗaya a raba wa 'yan uwa, a saka ranakun asibiti da na kwana, kowa ya ga nasa. Google Keep kuma ana yin jerin sayayya na haɗin gwiwa: famfas, safar hannu, auduga, tsinken awon suga. Wanda ya saya ya danna, ya fita daga jeri, ba za a sayo abu biyu a bar wani ba.

Hajiya (ma'aikaciyar walwalar jama'a, Kawo):
Malam, kayan suna da kyau, amma a gida mai mutum 10 nawa ne suka san kalmar sirrin imel ɗinsu? Nawa ne ke karanta Turanci ba tare da wahala ba? Abin da kowa ke buɗewa kullum WhatsApp ne, can za a kai aikin.

Ga yadda ake tsara shi ya yi aiki. A buɗe guruf na jinya kaɗai, daban da na dangi inda ake tura gaisuwar Juma'a da hotunan biki. Kada ya wuce waɗanda za su yi aiki ko su ba da kuɗi. A maƙale saƙo uku a sama, domin uku WhatsApp ke bari: hoton takardar magunguna, jadawalin kwana da rakiya asibiti, da lissafin kuɗi. Maƙalewar tana da wa'adi, awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, don haka a zaɓi 30 kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa sabuntawa. A kashe saƙonni masu ɓacewa a wannan guruf ɗin, in ba haka ba tarihin zai tafi.

Sannan yadda ake neman taimako. "Don Allah a riƙa taimakawa" ba ya kawo kowa. A yi ƙuri'a a cikin guruf: daren Talata, daren Alhamis, rakiyar asibiti ranar Litinin, kowa ya danna wanda zai ɗauka. Na nesa da ba zai iya zuwa ba, a ba shi aikin da ake yi daga nesa: biyan mai zuwa wanki, sayen data, kiran asibiti, tunatar da ranar komawa. Kuma ba mai jinyar ce za ta riƙa roƙo ba. A naɗa wani babba a gidan ya zama shi ke rabon, domin suruka ba za ta iya ce wa yayan mijinta ga ranarka ba.

Malam (malamin kwamfuta, Unguwar Dosa):
Na karɓi wannan. Sai dai lissafin kuɗi a WhatsApp yana nutsewa cikin saƙonni. A ware asusu ɗaya, ko a OPay ko Moniepoint ko banki, wanda ba a taɓa shi sai don jinya. Ƙarshen wata a sauke bayanin asusun a tura guruf. Zargin cin kuɗin jinya yana raba zumunci, kuma yawanci a kan wadda ta fi kowa wahala yake sauka. Ga wanda rubutu ke ba wahala, Gboard, allon rubutu na Google, yana da Hausa da haruffa masu lanƙwasa, kuma tun 2024 Google ta sa Hausa cikin harsunan da ake magana waya ta rubuta.

Dokta (Malali):
Zan yi magana a kan awo, domin a nan ake samun haɗari. Duk manhajar da ta ce ka ɗora yatsa a kyamara ko a fuskar waya ta auna maka hawan jini ko suga, ka goge ta. Waya ba ta da abin auna waɗannan. Ana auna jini da na'urar da ake ɗaurawa a damtse, suga kuma da ɗigon jini. Aikin manhaja ajiye lambar ne kawai.

Yadda ake awon jini a gida: majinyaci ya zauna minti 5 ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan abu daidai ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha kofi ko taba minti 30 kafin nan. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin magani da kuma yamma. Mako guda kafin ranar asibiti ya wadatar, sai dai in likita ya ce a yi fiye. Auna shi sau 10 a yini fargaba kawai yake ƙarawa. In ya kai 180 a kan 120, a huta a sake. In bai sauka ba a nemi likita a ranar, in kuma akwai ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko magana ta canza, asibiti nan take.

Suga kuma a lura da ma'auni. Wasu na'urori suna ba da mg/dL, wasu mmol/L, kuma bambancinsu ninki 18 ne: 7 a wannan shi ne 126 a wancan. In na'ura na kan wannan ma'auni manhaja na kan wancan, rahoton ya zama shirme. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi. In yana cikin hayyacinsa a ba shi cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a tafi asibiti. Tsoho mai shan maganin suga glibenclamide ko mai insulin wanda bai ci abinci ba, ƙararrawa za ta ce lokaci ya yi, amma ba ta san bai ci ba. A auna tukuna, a tambayi likita tun a asibiti me za a yi a irin wannan ranar, a rubuta amsar a saƙon da aka maƙale.

Mai sikila kuma zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba na jira a gida ba ne. Haka ga kowane majinyaci in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: a rubuta ƙarfe nawa aka fara gani a tafi, kada a tsaya tura saƙon murya ana jiran amsa.

Likitan gashin ƙashi (Unguwar Rimi):
Dokta ranka ya daɗe, bari in ɗora da na kwance. Wanda ba ya iya juya kansa ana juya shi kusan kowane awa 2, in ba haka ba fata ta mutu a inda ƙashi ke danne ta: ƙugu, kwatangwalo, dunduniya, kafaɗa. Alamar farko wuri ne da ya yi duhu ko ya yi zafi ko tauri fiye da kewayensa. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka da hannu ake dubawa, a cikin haske. Kada a murza wurin. A karkata shi kaɗan da matashi a bayansa maimakon a ɗora shi tsaf a kan kwatangwalo, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri dunduniya ta rataya.

Ga inda maganar Hajiya ta shigo. Ƙararrawar awa 2 a wayar mutum ɗaya, dare da rana, tana nufin ba za ta taɓa yin barci mai nauyi ba. Mako biyu a haka hannu ya fara rawa, a fara musanya magani. A raba dare biyu, ɗaya daga 10 zuwa 2, ɗaya daga 2 zuwa 6, kowa ƙararrawar rabonsa a tasa wayar. Katifar iska mai famfo tana taimakawa, amma tana bukatar wuta kuma ba ta ɗauke juyi.

Bayan mai jinya ma abin kula ne. A shimfiɗa zani mai ƙarfi ƙarƙashin majinyaci daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su riƙe gefe da gefe su ja. A lanƙwasa gwiwa, ba baya ba. Hannun da ya shanye kada a taɓa jan sa, kafaɗar na iya gocewa. Ranar gashi a asibiti, a nemi izini a ɗauki bidiyon motsin da aka koya, ya fi na YouTube domin na majinyacinku ne, kuma duk wanda ya karɓi kwana zai kalla.

Ustaz (Rigasa):
Allah ya saka da alheri. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i da suka yi umarni da kyautata wa iyaye in tsufa ya riske su, ba su ware 'ya'ya mata ba. Jinyar uba ko uwa tana kan 'ya'yansu, abin da suruka ta yi kyautatawa ce da ake gode mata. Ɗa namiji ya fi dacewa ya yi wa mahaifinsa wanka da tsarki. A sa sunayen maza a jadawalin kwana, ba a na kuɗi kaɗai ba.

Sai sutura. Hoton gyambo ko na tsoho ba riga ba abin turawa guruf ba ne. In likita ya nema, a tura masa shi kaɗai, a rufe fuska da al'aura.

Mai gyaran waya (Kasuwar Sheikh Gumi):
Ustaz, ƙari a kan haka: WhatsApp na zuba hotuna a ma'ajiyar hotunan waya, inda yara ke gani. A shiga bayanin guruf a kashe nuna hotuna a can. Sannan a guji manhajar bashi da aka turo ta Xender ko ta wani mahaɗi. Lokacin jinya ne ake matsuwa a karɓa, su kwashe lambobin waya, in an makara su bi dangi da saƙon cin mutunci. Tun 2023 Google ta hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna, amma wadda aka saka ta bayan fage ba ruwanta da wannan dokar.

Sista (nas, Barnawa):
Mu dawo kan lafiyar mai jinyar. Akwai manhajojin kwantar da hankali da yawa, galibi da Turanci kuma na biya. Abin da suke koyarwa na numfashi ba ya bukatar kuɗi: a ja iska ta hanci ana ƙirga 4, a sake ta a hankali ana ƙirga 6, na minti 3 zuwa 5. Yana rage bugun zuciya a lokacin, amma ba ya maye barci.

Abin da ya fi amfani a waya shi ne yanayin kada-a-dame-ni. Daren da ba nata ba, ta kunna shi, ta sa wa lambar mai kwana tauraro don kiransa kaɗai ya shigo. Haka za ta yi barci ba tare da tsoron wani abu zai faru ba ta ji ba.

Alamomin da ba gajiya kaɗai ba ce: mako biyu ko fiye ba ta jin daɗin komai, kuka ba dalili, barci ya ƙi ko da an karɓe ta, abinci ya fita ranta, ta fara yi wa majinyaci tsawa tana nadama. Akwai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, makinsu daga 0 zuwa 27, wanda ya kai 10 ya kamata ya ga ma'aikacin lafiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana ganin masu zuwa su koma gida, ba sai wanda ya fita hayyacinsa ba. In tunanin mutuwa ko cutar da kai ya shigo, a ranar za a je, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Ga masu riƙe da mai gigin tsufa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussa kyauta mai suna iSupport, an yi su ne don masu jinya a gida.

Mai kula da zaure:
Wata 'yar uwa ta turo tambaya ta gefe: in mai jinya za ta yi tafiya, ko wayarta ta lalace, yaya za a yi da bayanan?

Malamin kemis (Tudun Wada):
Shi ya sa takardar da Sista ta fara da ita ba a yar da ita. A manna kwafi a bango kusa da gado, wani a jakar zuwa asibiti, duk lokacin da likita ya canza magani a cire tsohuwar a yaga ta, a sa kwanan wata a sabuwar. A sayi akwatin ƙwayoyi mai gida 7 na mako, a cika shi rana ɗaya a mako da rana tsaka, ba da dare ba. Wanda ya karɓi jinya ko bai iya waya ba zai ga gidan Laraba a cike ko babu komai. Ƙwayar da ke cikin leda mai ƙyalli wadda danshi ke ɓatawa a yanko ta da ledarta, musamman da damina.

In da insulin, a nuna wa mai karɓa inda ake ajiye shi. Wanda ba a buɗe ba yana firij, ba wurin ƙanƙara ba, in ya daskare ya lalace. Wanda aka buɗe yawanci kwana 28 ne in zafi bai wuce digiri 30 ba, a rubuta ranar buɗewa a jikinsa. A zafin Maris da Afrilu in babu wuta, a sa shi a roba mai murfi a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kada ruwa ya taɓa kwalbar.

Mai gyaran waya (Kasuwar Sheikh Gumi):
A ɓangaren waya, a buɗe asusu a cikin manhajar da imel, kada a tsallake wannan matakin, domin da shi ne bayanan za su dawo a sabuwar waya. A rubuta imel ɗin da kalmar sirri a bayan takardar da ke jakar asibiti. A wayar majinyaci kuma a shiga saitin gaggawa a cike sunan ciwo, magunguna, abin da jikinsa ba ya so, da lambobi biyu. Ana ganin su ko waya na kulle. Ga tsoho mai fita ya ɓace hanya, raba wuri na WhatsApp awa 8 ne iyakarsa, na Google Maps kuma ana iya barin sa sai an kashe, amma duka sai da data da caji, don haka a ɗinka masa lambar waya a cikin aljihun riga.